Kaneng da Batun Addu'a

Rahila, ranar da kika kira ni kika ce an danƙa muku ajin matasa a cocinku, ke da mijinki, na ji muryarki kamar ta wadda aka aika gidan da ke da mugun kare. Kika ce ba ki san abin da za ki koya musu ba, ko gaisuwa ma da ƙyar suke amsawa. Na yi dariya har na ji kin fara jin haushi. Ba dariyar mugunta ba ce, kaina na tuno. Na ce ki bari in amsa miki a rubuce, domin a waya kullum sai mu ɓuge da zancen jikoki da ciwon gwiwata. To ga amsar. Tunda kuma na zauna, bari in haɗa da ƙannenki, domin dukanku kun tashi kun san akwai shekarar da aka karɓe mini ajin matasa, kuma a wannan shekarar ce Maman Kaneng ta daina shigowa gidanmu. Kowannenku ya tsinci nasa labarin a bakin mutane, ni kuwa ban taɓa ce muku uffan ba. Ba girman kai ya hana ni ba. Maganar ce ba tawa ba. Yanzu na tambayi mai ita, ta ce in rubuta, in dai zai taimaki wani yaro.

Kun san ni ba malama ba ce. Kabeji da karas da dankalin turawa na sani, su nake sayarwa a kasuwar Farin Gada tun kuna goye. An ba ni ajin ne don an yi wa mai riƙe da shi canjin wurin aiki, Baba Fasto ya ɗaga ido a cikin jama'a, kowa ya sunkuyar da kai, ni ce ban yi saurin sunkuyawa ba. Lahadin farko na shiga da shirina tsaf. Na haddace ayoyi, na ɗaura ɗankwalina mai tsada, na tsaya a gabansu na yi ta zuba. Su kuma suna jere a benci kamar buhunan dankali. In na ce akwai tambaya, shiru. In na ce kun gane, sai su haɗa baki su ce e, Mama. In na kama ɗaya a bakin ƙofa na ce me ke damunka, sai ya ce ba komai. Amma da zarar na ba su baya, sai surutu ya ɓarke kamar an sauke mota a kasuwa. Haka na yi ta fama har damina ta shigo, ina komawa gida a unguwar Daɗin Kowa da ciwon kai. Babanku, wanda yanzu yana hutawa wurin Ubangiji, bai taɓa tausaya mini a kan wannan ba, sai tsokana.

"Ke da kike sayar wa mutum kabejin da bai fito saya ba," in ji shi, "'yan yaran nan ne suka gagare ki?"

Abin da ya buɗe mini ido ba wani taron horarwa ba ne, acca ce. Wata Asabar ana shirin bikin ɗiyar maƙwabta, aka kawo mini acca in wanke, na ce wa 'yan matan ajina duk mai hali ta zo ta kama mini. Kun san wankin acca ba ya son gaggawa. Sai an yi ta rege ta a ƙwarya, a tsiyaye, a sake, har yashin ya kwanta a ƙasa. Muna tsugune a bayan gida, kowa idonsa na kan ƙwaryarsa, sai na ji yaran da na ɗauka kurame ne suna magana. Wannan malamin lissafi ya tsane ta. Waccan babanta ya daina kwana a gida. Wata tana tambaya ko zunubi ne mutum ya ƙi jinin yayarsa. Ban ce komai ba sai to, da ayya, da miƙo mini ruwa. A ranar na gane cewa yaro mai tasowa ba ya iya magana in ka sa masa ido. Ka ba hannunsa aiki, ka zauna a gefensa, ku kalli abu guda, sai bakin ya buɗe da kansa. Daga nan Asabar ta zama tasu. Akwai biki ko babu, sai na nemo abin yi, ko ferar dankali ko gyaran wake, a ƙarshe a dafa gwate a ci. Samarin ma suka fara biyowa saboda gwaten, babanku ya ja su wajen tsohon babur ɗinsa da ba ya taɓa gama gyaruwa. Iyayensu duk sun san inda suke, domin sai da na bi gida-gida na faɗa.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Saratu a wurina, wato Maman Kaneng, don ku san nauyin abin da ya biyo baya. Tare muka yi 'yan matanci. Rana ɗaya muka shiga zumuntar mata, ɗinki ɗaya muke yi in Kirsimeti ta zo. Ranar da ta haifi Kaneng ni na riƙe mata hannu. Mijinta, Baba Pam, dattijon ikkilisiya ne, mutum mai nauyin baki wanda in ya shigo wuri yara kan gyara zama. Shekara guda kafin abin da nake ba ku labari, ƙaramin ɗansu Davou ya yi doguwar jinya ya rasu. An yi addu'a, an yi azumi, cocin gaba ɗaya ya tsaya a kansa, amma Allah ya ɗauke shi. Saratu ta tsaya a gaban jama'a bayan jana'iza ta ba da shaida ba tare da ɗigon hawaye ba, kowa yana yabon bangaskiyarta. Kaneng kuwa lokacin ta kusa gama sakandare, ita ce yarinyar da ake nuna wa sauran yara. Tana cikin mawaƙa, ba ta fashi, kuma tana ajin baftisma, ana sa ran za ta shiga ruwa a ƙarshen shekara.

Wata Asabar sauran suka watse, ita ta tsaya wai za ta taya ni ƙarasa wanki. Muna tsugune, ba ta ɗago ba ta ce:

"Mama, in na faɗa miki wani abu, za ki kai wa Momi?"

Rahila, ki riƙe amsar da na ba ta, domin za a yi miki wannan tambayar, kuma ba za ki sami lokacin tunani ba.

"Ya danganta," na ce. "In wani yana cutar da ke, ko ranki na cikin haɗari, ba zan riƙe ba. Amma ke zan fara gaya wa, kuma tare za mu je. In ba haka ba ne, maganarki tana wurina har ranar da kika ga dama."

Ta daɗe tana juya ƙwaryar da babu sauran abin regewa a ciki.

"Ba na jin komai, Mama. In na rufe ido ina addu'a, kamar da silin nake magana. Tun Davou. Mun roƙa, mun roƙa, ya mutu. Ban ma san ko akwai mai ji ba. In dattawa suka yi mini tambayoyin baftisma zan amsa duka, na haddace. Amma ƙarya zan yi."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ayoyi suka taso mini har maƙogwaro, kowace tana neman ta riga fita. Na haɗiye su. Na lura ta gefen ido take kallon fuskata, tana jira ta ga ko zan firgita, na kuma san in na firgita ba za ta ƙara faɗa wa kowa ba har abada. Na ce mata na ji, kuma na gode da ta faɗa mini.

"Ba ki yi fushi ba?"

"Da wa? Ƙaro mini ruwa."

Ta ƙaro ruwan, sai kuka ya zo mata, irin wanda ya kamata a ce ta yi tun ranar jana'iza. Na bar ta ta yi. Da ta natsu na ce mata ni ba ni da amsar dalilin da ya sa Davou ya tafi, kuma ba zan ƙirƙiro mata ba. Na ce Allah ba ya tsoron tambayarta, ni ma haka. Na tambaye ta ko ta yarda in riƙa yi mata addu'a ni kaɗai a ɗakina, ta ɗaga kafaɗa ta ce in ina so. Ba a daɗe ba ta je ta cire kanta daga ajin baftisma, ba ta ba kowa dalili ba.

A nan ne batun addu'a ya shigo. Ku da kuka tashi a coci kun san shi. A zumuntar mata, kafin a rufe taro, shugaba takan ce akwai mai batun addu'a? Sai mai damuwa ta tashi ta faɗa, a haɗu a kai wa Allah. Abu ne mai kyau ƙwarai, ni kaina da shi aka ɗauke ni lokacin da babanku ya kwanta a asibiti. Amma mu mutanen coci mun iya lalata shi yadda ba wanda ya iya. Maganar da mace ba za ta faɗa a bakin famfo ba don kada a ce mata magulmaciya, sai ta kawo ta zumunta, ta sassauta murya, ta ce ba gulma ba ce fa, don mu yi addu'a ne. A rufe ido, a ce Amin, kowa ta tafi gida da labari a ƙunshe, zuciyarta fes, domin ai aikin Allah ta yi. Na zauna a cikin irin wannan shekara da shekaru ban ga aibinsa ba, sai da aka zo neman abin da ke hannuna.

Saratu ta same ni a gida da rana, ko zama ba ta yi ba.

"Maman Rahila, yarinyan nan ta fita daga ajin baftisma. Babanta dattijo ne fa. Na san ta gaya miki. Mene ne?"

"Ta gaya mini," na ce. "Ba namiji ba ne, ba ciwo ba ne, ba abin da zai cuce ta. Ki ba ta lokaci, da bakinta za ta faɗa miki."

"Ni na haife ta."

"Na sani. Ina wurin."

"To ba sai kin faɗa duka ba. Ki ba ni batun addu'a kawai, in san abin da zan roƙa."

Na ce mata Allah ya riga ya san batun, ta roƙa masa 'yarta kawai. Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ɗauki jakarta ta fita. Kada ku ga laifinta. Uwa ce da ta binne ɗa guda, ga ta biyu tana zame mata daga hannu, kuma wadda ta fi amincewa da ita a duniya ta tsaya a ƙofa ta hana ta shiga. Da ni ce, ban san abin da zan yi ba. A zumunta ta gaba, da aka ce akwai mai batun addu'a, sai ta miƙe. Ta ce a taya ta roƙo, 'yarta tana ɓoye wani abu, ta ƙi baftisma, ba ta cin abinci, ta rame, kuma wadda ta san dalili ta ƙi faɗa. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta buƙata. Muka rufe ido, amma ina jin idanun mata a bayan wuyana.

Yarinya budurwa, ta ƙi baftisma, ba ta cin abinci, akwai abin ɓoyewa. Ba sai an ce wa matan coci su haɗa wannan ba. Kafin Lahadi ta zagayo, Kaneng tana da ciki a bakin kowa. Wasu har sun san mai cikin. In ta tashi waƙa, ba bakinta ake kallo ba. Maganar ta bi ni har Farin Gada, wata Hajiya da muke maƙwabtaka a rumfa, wadda ko hanyar cocinmu ba ta sani ba, ta jawo ni gefe tana yi mini jaje a kan ɗiyar ƙawata. Duk inda na ji, nakan ce ƙarya ne, ba ciki ba ne. Sai a ce to in ba ciki ba, mene ne? Nan kuma sai bakina ya rufe, rufewar kuwa ita ce ta zama musu shaida.

Dattawa suka kira ni. Baba Fasto mutum ne mai sanyin hali, na ga bai so zaman ba, amma dole ta sa shi. Baba Pam yana can ƙarshen benci, bai ɗago kai ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce ikkilisiya ce ta ba ni yaran nan, ba nawa ba ne, kuma in akwai zunubi a ɓoye dole a sani don a yi horo yadda aka saba.

"Baba, gaskiyarku ne, ba nawa ba ne," na ce. "Kuma ina tabbatar muku a gaban Allah babu abin horo. Amma na yi wa yarinyan alkawari. In na karya yau, gobe wane yaro ne a cocin nan zai buɗe wa babba baki?"

Suka yi ta juya maganar, ni ma na yi ta maimaita tawa. A ƙarshe aka ce in ɗan huta da ajin tukuna. Kun san ɗan hutu a bakin dattawa. Na yi godiya na fito cike da fushi. Ina da zuciya, kun sani, kuma a ranar na ƙirga a raina maganganu da dama da na gode wa Allah ban faɗa ba.

Gida ma ba a bar ni ba. Ke Rahila, ban san ko kin tuna ba, kin dawo daga makaranta idonki jajir, kika ce ana kiranku 'ya'yan mai rufa wa ciki asiri, kika ce in faɗa mana kawai a huta, wai Kaneng ta fi ku ne? Wannan ta soke ni fiye da ta dattawa. Ni kaina na fara shakka. Na riƙe amanar ne don in kare yarinyar, ga shi riƙon yana ɓata mata suna fiye da yadda gaskiyar za ta ɓata. Kalma kaɗan zan faɗa, a wanke ta, a mayar mini da ajina, ƙawata ta dawo. Na zayyana wa babanku duk wannan, ban da ainihin maganar, shi ma bai tambaya ba. Yana ta saurare har na gaji.

"Kin yi mata alkawari?"

"Na yi."

"To shawarar me ake yi? A zuba mini abinci."

Haka yake, Allah ya ba shi hutawa. Amma na san shiru kaɗai bai isa ba, domin riƙon amana ba ya nufin ka bar yaro shi kaɗai da kayansa. Na aika a ce wa Kaneng ta same ni a rumfa ta taya ni tsince tumatir. Muna ware masu kyau da waɗanda suka fashe, na gaya mata an karɓe ajin, na ce na faɗa ne don kada ta ji a waje, ba don ta ɗauki nauyin ba. Na ce maganarta tana nan inda ta ajiye, ko shekara nawa za a yi. Amma na ce mata gaskiya, sunanta yana lalacewa, iyayenta kuma suna shan azaba a kan abin da ba su sani ba, kuma a ganina sun cancanci su ji daga bakinta.

"Mama, wanne zai fi yi wa Momi zafi, cikin ko wannan?"

"Ban sani ba, 'yata. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta ƙarasa tsince tumatirin ta tafi gida. Na bar ta, ban aika ba, ban tuna mata ba, ko da yake jiran ya kusa kashe ni. Sai wata Lahadi bayan an tashi sujada ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon wani wuri, ta ce in raka ta gida.

A falonsu aka zauna. Ta faɗa musu kusan yadda ta faɗa mini, ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshe. Ni ban sa baki ba, ba don haka aka kawo ni ba. Saratu ta ɗora hannu biyu a ka.

"Da ciki ne ma," ta ce, "da na san abin da zan yi."

Baba Pam ya cire tabaransa, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Na ɗauka tsawa ce za ta biyo. Sai ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun Davou. Da aka ambaci sunan yaron, na ga haɓarsa ta motsa.

"Ba za ki shiga ruwa da ƙarya a bakinki don a ce ni dattijo ne ba," ya ce. "Ki zauna sai kin shirya. Abu ɗaya na roƙa, ki riƙa zuwa, ko a bencin baya ne. Kuma in tambayan ta taso, ki zo ki yi mini. Ni ma ina da nawa."

Da na tashi tafiya ya raka ni bakin ƙofa ya ce ya gode. Saratu ma ta biyo, amma ba da godiya ba. Ta ce na san wannan duk watannin nan, na bar ta tana lalube a duhu, tana zargin 'yarta da abin da ba ta yi ba. Ta ce ƙawa ba ta yin haka. Ban kare kaina ba, domin a nata ɓangaren ba ƙarya ta yi ba. Tun daga ranar, in mun haɗu a coci sai ta kau da kai. Kirsimeti ta zo, kowa ta yi nata ɗinkin.

Zancen ciki ya mutu da kansa da aka ga watanni sun wuce ba abin da ya fito. Ba wanda ya zo ya ba yarinyar haƙuri, masu batun addu'a sun sami wani batun. Ajin kuwa ba a mayar mini ba, ni ma ban roƙa ba. Amma ga abin da ban yi tsammani ba. Asabar ɗina ta ƙara cika. Yaran nan da muke gani kamar ba sa lura da komai, ashe duk sun bi labarin, sun san an karɓe wa Mama aji don ta ƙi buɗe baki. Har waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka fara leƙowa, wai sun zo gaisuwa. Na ji abubuwa a bayan gidan nan da za su bi ni kabari. Akwai kuma wadda ban riƙe nata ba, domin wani babba ne yake cutar da ita, na kama hannunta muka je inda ya kamata a ranar, kamar yadda na faɗa mata tun farko.

To Rahila, kada abin da za ki koya musu ya hana ki barci. Ki shirya darasinki da kyau, Maganar Allah ba abin wasa ba ce, amma ki sani yawancinsa ba za su tuna ba. Za su tuna ko kin san sunansu, ko kin zo ranar da aka yi ruwa kowa ya ƙi fitowa, da yadda fuskarki ta yi lokacin da suka faɗi abin da ba a faɗa. Ki ciyar da su, yunwa ba ta barin yaro ya ji wa'azi. In ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba, ba ya rage miki komai. Kada ki nemi zama uwarsu, suna da iyaye, aikinki ki riƙa tura su gida a hankali ko da gidan zai ji haushinki. Mijinki ya kama samarin, ke ki kama 'yan matan, kuma ƙofa ta zama a buɗe. Damuwar yaro kuwa, ki kai ta wurin Allah a ɗakinki, kada ki kai ta taro sai shi ya ce ki kai. Kuma kada ki sa ran ganin amfanin gonar da idonki. Cikin waɗanda suka ci gwatena akwai waɗanda suka bar coci ba su dawo ba har yau. Ina kiran sunayensu kowace safiya, in mun haɗu a hanya kuma sukan tsaya su gaishe ni da kyau.

Kaneng ta cika wa babanta roƙonsa. Shekaru tana zama a bencin baya, ba ta waƙa, ba ta cin jibin Ubangiji. Ta yi karatu, ta sami aikin koyarwa a garin Kuru. Takan zo mini lokaci-lokaci, wani zuwan da tambaya, wani zuwan da shiru. Ban taɓa ce mata yaushe ba. Sai wata shekara, bayan ta zama cikakkiyar mace, ta kira ni ta ce za a yi mata baftisma a can, tana so in zo. Na tambaye ta me ya canja. Ta ce ba wani abin mamaki da ya faru, har yanzu ba ta san dalilin tafiyar Davou ba, sai dai ta wayi gari ta ga ta daɗe da daina magana da silin.

A wani rafi bayan gari aka yi, da safe, ga sanyin Kuru mai shiga ƙashi. Kun san in mace za ta fito daga ruwa, akan sami wata babba ta tsaya a bakin gaɓa da zani a buɗe ta lulluɓe ta. Kafin ta shiga layi, Kaneng ta zo ta sa mini zanin a hannu ta ce ni take so in tare ta. Na karɓa. Da na juya sai na hangi Saratu a gefe, ta tsufa kamar yadda na tsufa, tana tsaye hannunta ba komai sai jaka, idonta na kan zanin. Na ji daɗin riƙe shi, ba zan yi musu ba, kuma na ji kamar na biya kuɗinsa. Amma ni Asabar kawai na ba yarinyar nan. Na taka a hankali saboda gwiwata, na je na miƙa wa Saratu. Ta kalli zanin, ta kalle ni. Fasto ya riga ya kira sunan Kaneng, mata sun ɗauki waƙa. Rabon da Saratu ta yi mini magana, tun ku duka kuna makaranta.

"Riƙe mini jakata," ta ce.

Na riƙe. Ta tattare zaninta, ta gangara har ruwan ya kai mata idon sawu, ta buɗe hannu biyu tana jiran 'yarta.